Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ga ya kamata in shimfiɗa ta gaban masu karatu, musamman malaman makaranta da akawunan hukuma, gama su ne idon jama'a a birni da ƙauye. Maganar kuwa ita ce ta bincike, watau aikin nan da masana ke yi a jami'o'i da gidajen gwaji don su gano abin da zai ƙara wa ƙasa arziki. Kowa ya san Gwamnati na kashe kuɗi wajen wannan aiki, kowa kuma ya taɓa jin talaka yana tambaya, "Shin ina amfanin da muka gani?" Tambayar nan ba ta rashin kunya ba ce, ta kuma cancanci amsa.

Ga amsar da na ke da ita. Bincike ya kan amfani ƙasa idan masanin kimiyya da injiniya da masanin tattalin arziki suka zauna bisa tabarma ɗaya, sa'an nan suka matsa wa manomi ya zauna tare da su. Idan kuwa kowa ya shige ɗakinsa ya ja ƙofa, sai a sami littattafai masu kyau, rumbuna kuwa wayam. Zan kawo shaida daga tarihin noman ƙasarmu, domin shi muka fi sani, kuma a cikinsa ne kuskuren masani ke zama yunwar talaka.

Auduga Aka Nema, Gyaɗa Ta Zo

Mu fara da tsohon labari. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa wata ƙungiya a Mancesta don neman inda za a noma musu auduga cikin ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkinsu. Suka hango ƙasar Hausa, suka ga mutane sun daɗe suna noman auduga, suna kaɗi, suna saƙa, suna rini, sai suka ce an zo wurin. Begen audugan nan yana cikin dalilan da suka sa aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano, wadda ta isa a 1911. Injiniyoyi sun yi aikinsu, masana tsiro sun kawo iri daga Amurka, an kafa injin gurza. Abu ɗaya aka yi sakaci da shi: nawa masaƙin gida ke sayen auduga a kasuwa? Ashe ya fi Bature tayi mai kyau.

Manomi kuwa ya yi nasa lissafin. Gyaɗa tana yi a jigawa, in kasuwa ta faɗi a ci ta a gida, harawarta kuma dabba ta ci, ga kuɗinta ya fi. Kafin ka ce kwabo, daga 1912 gyaɗa ta yi ta kwarara Kano har jirgi ya kasa kwashewa, daga baya fatake irin su Alhassan Ɗantata suka riƙe cinikinta, har aka kai ga dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita. To, a nan an ci sa'a, kuskuren ya haifi alheri. Amma sa'a ba ta zuwa kullum.

Darasin Mokwa

A 1949 aka kafa wani babban aikin noma a Mokwa, cikin Lardin Neja na wancan zamani, da haɗin gwiwar Gwamnati da wani kamfanin Ingila mai kula da raya ƙasashen mulkin mallaka. Aka kawo taraktoci, aka sare daji, aka gina ƙauyuka, aka yanka wa kowane magidanci eka fiye da ashirin. A takarda abin gwanin sha'awa. Tarakta ta yi huɗa cikin 'yan kwanaki, aka yi shuka, ruwa ya sauka. Sai ciyawa ta taso, ita kuwa ciyawa ba ta san tarakta ba, fartanya ta sani. Gonar da inji ya huɗe, hannun mutum ɗaya da iyalinsa aka bar wa nomanta. Bayan haka, kashi biyu cikin uku na amfanin gona na kamfani ne, ɗaya na manomi. Mutane suka ƙi zuwa, waɗanda suka zo kuma ba su ga riba ba. A 1954 kamfanin ya tattara nasa ya nasa ya janye.

Wane ne ya yi kuskure? Injiniya bai yi ƙarya ba, tarakta tana huɗa eka da yawa a yini. Masanin tsiro bai yi ƙarya ba, dawa da gyaɗa suna yi a ƙasar. Abin da aka rasa shi ne wanda zai zauna tun da fari ya ƙirga kwanakin aikin da noman eka ɗaya ke ci, ya kuma tambayi Banufe ko akwai dalilin da zai sa ya bar gonar ubansa ya zo ya yi wa kamfani noma a ba shi sulusi. Irin wannan ta faru a Tanganyika tsakanin 1947 da 1951, inda aka narka miliyoyin fam cikin noman gyaɗa da injuna, ba a auna ruwan saman wurin da taurin ƙasarsa yadda ya kamata ba.

Abin Da Aka Gano A Ƙauyukan Zariya

Tun 1922 a ke binciken noma a Samaru, a 1962 kuma gidan binciken ya shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ba mai musun alherin da ya fito daga can, na irin auduga da dawa da gyaɗa da wake. Amma shekaru da yawa shawarar da malamin gona ke kai wa manomi ita ce ya daina gauraya shuka, ya ware wa dawa gonarta, gero gonarsa, wake gonarsa, kamar yadda a ke yi a Turai. Manomi ya ce to, ya koma ya ci gaba da yadda ya gada. Masu ilmi suka ce taurin kai ne da duhun kai.

A tsakiyar shekarun 1960 aka kafa wani sashe a Samaru don binciken tattalin arzikin karkara, wani masani mai suna David Norman ya riƙe shi. Shi da mutanensa suka zaɓi ƙauyuka uku, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka sa malamai su zauna a can. Daga 1966 zuwa 1967 malaman nan suna bin gidaje fiye da ɗari, mako bayan mako, suna rubuta wanda ya tafi gona, da gonar da ya tafi, da awa nawa ya yi, da abin da ya girba, da nawa ya sayar. Aiki ne na akawu, ba ado a cikinsa, amma abin da ya tono ya girgiza masana.

An ga cewa abin da ya fi ƙuntata wa manomi shi ne hannun aiki a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman fari da maimai, sa'ad da kowace gona ke kira a rana ɗaya, ɗan ƙwadago kuma ya yi tsada. An ga cewa gonar da aka gauraya gero da dawa da wake ta fi ba da kuɗi a kowace eka, ta kuma fi biyan gumin da aka zuba a watannin nan masu wuya, domin noma ɗaya ya wadaci shuka uku. An ga kuma ta fi tsare gida daga yunwa: gero ya nuna da wuri a sami na tuwo, ya bar wa dawa fili, in ruwa ya ɗauke ya kashe wannan, wancan ya tsira. Ashe abin da aka kira duhun kai lissafi ne. Daga nan masana tsiro na Samaru suka shiga gwada shukar gauraye a filayensu, suna neman yadda za a kyautata ta maimakon a hana ta. Aikin nan yana cikin tushen wata hanyar bincike da ta bazu ƙasashe da dama, wadda ke duban gona da gida da kasuwa a matsayin abu guda.

Haka maganar auduga ta kasance. Gwaji ya nuna cewa in an shuka ta a tsakiyar Yuni, aka sa taki, aka yi feshi, ta kan ba da amfani ninki. Gaskiya ne. Amma manomi ba ya waiwayar auduga sai ya ga bayan abinci, watau cikin Yuli. Da aka bi manoman wajen Daudawa a farkon shekarun 1970 aka ga dalili: shukar Yuni tana karo da noman hatsi, feshin kuma yana bukatar ruwa mai yawa da za a ɗauko a ka daga nesa. Wanda ya ce wa magidanci ya bar dawa ya kama auduga, ya ce masa ya sa tuwon 'ya'yansa a caca ke nan. Maganin ya fito ne ta hannu biyu: injiniyoyi suka kawo ƙaramin abin feshi mai aiki da batir wanda ba ya cin ruwa, masana tsiro kuma suka juya ga neman shawarar da ta dace da shukar Yuli. Da tun farko an tambayi mai ɗaki, da ya faɗi inda ke masa yoyo.

A ƙauyukan nan uku kuma wata masaniya, Emmy Simmons, ta shiga cikin gidaje a farkon shekarun 1970, ta ga matan da a ke zaton zaune kawai su ke ashe masana'anta ce gare su: man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ƙosai, fura, su yi a gida yara su kai talla. Duk wanda zai kawo injin matsar mai ko ya sauya farashin gyaɗa bai san da wannan ba, zai kashe sana'ar dubban mata yana zaton alheri ya ke yi.

Ruwa Ɗaya, Masu Shi Da Yawa

Mu dubi sha'anin ruwa. An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka bi da ta Challawa a 1992. Wanda ya ga tumatir da shinkafa da alkama a Kadawa da Kura ba zai ce aikin banza aka yi ba. Amma ruwan da aka tare a sama, shi ne ke malala kowace damina a fadamun Haɗejiya da Nguru, inda masunta ke su, manoma ke shinkafa, Fulani ke kiwon rani, rijiyoyi ke samun ido. A farkon shekarun 1990 Edward Barbier, masanin tattalin arziki, tare da masana labarin ƙasa, suka ƙirga amfanin noma da kifi da itacen da fadamun ke bayarwa, suka gwada da na noman rani a sama. Suka ga cewa a kan kowane ma'aunin ruwa, fadama ta fi ba da amfani nesa ba kusa ba. Ga kuma kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa bayan da gudun kogin ya sauya. Da an yi lissafin nan kafin a zuba siminti, da an gina madatsun da tsarin sakin ruwa wanda zai raba arziki tsakanin na sama da na ƙasa.

A bakin Tafkin Cadi kuma aka haƙa manyan magudanai cikin shekarun 1970 don shayar da dubban hekta a wajen Marte. Tafkin ya janye a shekarun fari, magudanai suka zauna a bushe. Injiniya ya san yadda za a ɗaga ruwa, amma labarin cika da janyewar tafkin yana wurin masanin yanayi, da masanin tarihi, da tsofaffin masunta.

Inda Aka Haɗa Hannu

Kada mai karatu ya zaci labarin duk na asara ne. Dattawanmu sun san lokacin da masara abar bayan gida ce, a gasa a ci da damina. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe ayyukan raya noma a Funtuwa da Gusau da Gombe da taimakon Bankin Duniya. Aka kawo sabon irin farar masara wanda gidan bincike na Ibadan ya fitar, aka kawo takin zamani, aka gyara hanyoyin ƙauye, aka buɗe wuraren sayar da kayan noma kusa da manomi, ga kasuwar kudu tana jira. Iri da taki da hanya da kasuwa suka haɗu a lokaci guda, masara ta zama babban hatsi a ƙasar Zazzau da kudancin Katsina. Da iri kaɗai aka kawo, da yana nan cikin kwalba a gidan gwaji. Ko a nan ma akwai darasi, gama da aka rage tallafin taki, ƙasa ta gaji, wuta-wuta ta yawaita, sai aka ga masarar ta dogara ga farashin taki fiye da yadda aka zata.

Ga kuma buhun ajiyar wake. Kowa ya san yadda ƙwaro ke mai da wake gari cikin 'yan watanni, shi ya sa manomi ke sayarwa da kaka a wulakance, ko ya zuba masa magani mai guba wanda ke komawa cikin tukunya. Masana ƙwari na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru, suka gano tun ƙarshen shekarun 1980 cewa in an ɗaure wake cikin leda mai kauri yadda iska ba ta shiga, ƙwaron ya kan shanye iskar da ke ciki ya mutu. Wannan ilmin kimiyya ne, amma ya daɗe bai bazu ba. Sai daga 2007, da masana tattalin arziki suka auna ribar da ke tsakanin farashin kaka da na bazara, masu masana'anta a Kano suka ɗauki ƙera buhun, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, 'yan kasuwa suka kai shi kasuwannin ƙauye, malaman gona kuma suka riƙa ɗaure buhu gaban jama'a su dawo bayan watanni su kwance kowa ya gani. Gani ya kori ji. Buhun ya bazu a Nijeriya da Nijar da ƙasashe da dama.

A ƙasar Maraɗi kuma an sha dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da a ke sassabewa kowace shekara, kututtura ne masu rai da saiwa a ƙasa. In manomi ya zaɓi 'yan rassa ya bar su, ya datse sauran, sai itace ya tashi. Mutanen wurin suka kira abin sassaben zamani. Amma dabarar ba ta kama sosai ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara a kansa ba. Watau maganar doka ce ta buɗe wa maganar tsiro hanya. Bayan shekara kamar ashirin, masu nazarin hotunan sama suka auna, suka ga an farfaɗo da itatuwa, gawo da danginsa, a fili wajen hekta miliyan biyar a kudancin Nijar.

Masu Ja Da Wannan Magana

Na san akwai masu cewa ilmin zamani ya yi zurfi, ba mai iya haɗa fanni biyu, wanda ya ce zai san kome ba zai san kome ba. Gaskiyarsu. Ba na cewa masanin ƙwari ya koma masanin kasuwa. Ko a gini, magini daban, kafinta daban, maƙeri daban, amma gida ɗaya su ke ginawa, kuma in ba su yi shawara ba sai ƙofa ta fi ƙyaure faɗi. Kowa ya zurfafa a fanninsa, amma tambayar da za su amsa ta zama ɗaya, su kuma fara tare tun ranar da a ke tsara aiki. Abin da ya ɓata ayyuka da yawa shi ne a kira masanin tattalin arziki bayan an gama, ya zo ya rubuta dalilin mutuwa.

Waɗansu kuma su ce haɗa masana da yawa tsada ne da ɓata lokaci, taro ya yi yawa aiki ya ragu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, gama mun ga kwamitocin da ba su haifi kome ba sai alawus. Amma a gwada kuɗin zaman malamai goma a ƙauye shekara guda da kuɗin magudanar da ba ta ga ruwa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu ja na uku su ne masu cewa to, tun da manomi ya fi kowa sani, a ƙyale shi mana. Wannan ma zarce gona da iri ne. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki dubun dubbai a Arewa, bayan farin da aka sha daga 1972 zuwa 1974. Ba hikimar gado da ta iya tare ta. Sai da masu haɗa iri na Samaru da abokan aikinsu suka yi shekaru suna fama kafin a fitar da irin gyaɗa mai jure cutar. Manomi ya san gonarsa, masani ya san abin da ido ba ya gani. Kowannensu yana bukatar ɗan'uwansa. Ita kanta dalar gyaɗa, abubuwa da yawa suka taru suka rushe ta: fari, da cuta, da farashin da Hukumar Ciniki ke biya, da kuɗin man fetur da ya janye hankalin Gwamnati da hannun samari zuwa birni. Ciwon da ya shigo ta ƙofa huɗu, likita ɗaya ba ya korarsa.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Na farko, kada Gwamnati ta saki kuɗin wani babban aiki, madatsa ce ko masana'anta ko sabon iri, sai ta ga rahoto guda wanda masanin kimiyya da injiniya da masanin tattalin arziki suka sa wa hannu tare, bayan sun ji ta bakin waɗanda aikin zai shafa, har da na ƙasan kogi, har da mata, har da makiyaya.

Na biyu, jami'o'i su dubi yadda su ke ƙara wa malamansu girma. Muddin abin da a ke ƙirgawa shi ne yawan takardun da mutum ya buga da sunansa a mujallun ƙetare, ba wanda zai yarda ya kashe damina biyu a ƙauye yana taya wani sashe aiki. Hukumomin da ke ba da kuɗin bincike su ware kaso na musamman wanda ba a samunsa sai sassa biyu ko uku sun nema tare.

Na uku, a ba bincike kuɗi mai ɗorewa. Fitar da sabon iri guda ya kan ci shekara goma ko kusa da haka, kuɗin da ke zuwa bana ya ɗauke baɗi kuwa ba ya raya gwaji. Tun a 1980, a taron Ikko, shugabannin Afirka suka yi shawarar kowace ƙasa ta kai ga ware kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da ta ke samarwa don kimiyya da fasaha. Har yanzu ba mu cika wannan alkawari ba.

Na huɗu, a fitar da sakamakon bincike da harshen da mai fartanya ke ji, a rediyo da jarida da wayar hannu. Ilmin da aka kulle cikin Turanci a ɗakin karatu, hatsi ne a rumbun da aka jefar da mabuɗinsa.

Na biyar ya shafe ku, masu karatu. A zamanin En'e akawun hakimi ya kan riƙe littafin haraji da na jangali, ana rubuta yawan mutane da dabbobi da abin da gunduma ke nomawa. Ko da ya ke don karɓar kuɗi aka yi su, takardun nan da ke ajiye a gidan adana tarihi na Kaduna sun zama ma'adini ga masu bincike. To, akawun ƙaramar hukuma na yau, me zai bar wa na baya? Farashin mudun gero da na wake kowace ranar kasuwa, ranar da ruwan shuka ya sauka, ranar da ya ɗauke, shekarar da tsuntsu ko fara suka zo: duk wannan littafi ɗaya ya ɗauke shi, ba ya kuma bukatar izinin kowa. Sharaɗinsa guda ne, a rubuta abin da aka gani. Lambar da aka ƙaga a ofis don a faranta wa na gaba rai, guba ce, gama a kanta za a gina shiri, shirin kuma ya rushe a kan talaka.

Kai kuma malamin makaranta, ajinka shi ne gidan bincike na farko. Kafa ma'aunin ruwan sama a filin makaranta, yara su riƙa karantawa suna rubutawa. Raba gonar makaranta biyu, a gauraya shuka a nan, a ware a can, a auna abin da aka girba, a ƙirga kwanakin aiki, a je kasuwa a tambayo farashi. Yaron da ya yi haka ya yi kimiyya da lissafi da tattalin arziki a darasi guda, kuma ba zai girma yana raina sana'ar ubansa ba. Daga irin waɗannan yara ne za a sami masanin da zai iya zama da injiniya da safe, ya zauna da sarkin noma da yamma, ya fahimci kowannensu.

Jama'a na ƙaruwa, gonaki na tsukewa, damina ta zama ba ta da alkawari. Ƙasar da ke cikin wannan hali ba ta da rarar kuɗi ko rarar shekarun da za ta sake yin irin ta Mokwa. Masana muna da su, gidajen bincike muna da su, manoma masu basira kuwa ba a maganarsu. Saura mai haɗa su, wannan kuwa aikin shugabanni ne, aikinmu kuma mu yi ta tuna musu. Allah ya ba su ikon ji, ya ba mu damina mai albarka, amin.